Allura Ce, Ba Tumba Ba

Assalamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu. Ni ne Garba tela daga Bungudu. Wallahi kwana uku ke nan na kasa zama kan keken ɗinki.

Matata Hansai ce ke fama da ciwon daji. Na kai ta babban asibiti a jirgin ƙasa, aka yi mata wata sabuwar allura. Likita ya gaya mini ta bakin tafinta cewa za ta yi amai, baki ya yi ƙuraje, gashi ma ya zube, amma zai sake fitowa. Ya ce ta riƙa shan kunu kaɗan-kaɗan, tana kurkure baki da ruwan gishiri. Mun bi, aman ya lafa.

To, ran Juma'a maƙwabciyarmu Tumba ta zo yi mata kitso, sai gashi ya biyo hannunta. Surukata na zaune. Nan take ta ce Tumba ta yi wa ɗiyarta sammu, ta kore ta, ta kuma rantse Hansai ba ta komawa asibiti.

Ga jirgi zai tashi daga Gusau ran Laraba. Ni kuwa tun da na yi aure ban taɓa haɗa ido da surukata ba, balle in ce ta yi kuskure. Sau biyu ina zuwa, gaisuwa kawai nake yi in juyo.

Jama'a, ku ba ni shawara. Amma Malam, shirin nan ba ya wuce ta. Don Allah ɗaga murya a nan: Inna, allura ce, ba Tumba ba. Ki bar Hansai ta shiga jirgi.

Ina gaida Tumba. Ta yafe mana.