Injiniya Ba Sunan Yanka Ba Ne

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Sunana Rahila, ɗiyar marigayi Bitrus mai gyaran injin ban ruwa a Goronyo.

Babana bai yi boko ba, amma masu albasa har daga Shinaka "Injiniya" suke ce mishi. Shi ko sai dariya, shina goge baƙin mai ga rigarshi: "Ni na bakin gulbi na. Ga ta gaskiyar nan tahe." Ni yake nuhi.

Randa anka sa ni firamare, malam yac ce, "Mi as sunan babanki?" Nic ce, "Injiniya!" Shi kaɗai na sani. Haka anka rubuta, Rahila Injiniya, haka ya bi ni har takardar gama sakandare. Takardar haihuwata ko Rahila Bitrus.

Na ci jarrabawa, na nemi karatun injiniya a wata babbar jami'a wadda ba kowa take ɗauka ba. Sunana ya hito! Wurin tantancewa, wata ma'aikaciya ta jera takarduna tac ce, "Waɗannan ai mutum biyu ne." Na yi bayani, na yi kuka. Anka ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu. Kahin in je in komo, an ruhe tantancewa.

Kun san ni da zuciya. Ina shiga gida na watsa ma babana takardun, nic ce, "Sunanka na ƙarya ya kashe ni!" Wayyo bakina! Sai ya duƙa. Ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya sa cikin leda. Wata huɗu ban yi mishi gaisuwar kirki ba, sujada ma na daina zuwa.

Da damina ciwo ya kwantar da shi. Ina ba shi kunu yac ce, "Ɗiyata, tahi kotu ki cire sunan ga. Ki gahwarta min."

Shi ka roƙona gahwara! Shi!

Na zube gaban gadonshi, nic ce, "Ya Yesu, cire min dutsen ga daga ƙirjina, ni na kasa." Nan take zuciyata ta saki. Na kama hannunshi na roƙe shi gahwara, munka yi kuka tare. Kwana tara bayan haka ya tahi wurin Ubangiji.

Da na je kotu, ma'aikacin yac ce, "Wanne za a bari?" Nic ce, "Duka biyu."

Bana jami'ar ta ɗauke ni. Cikin jerin sunaye an rubuta Rahila Bitrus Injiniya. Bai gani ba, 'yan'uwa. Ledar tana nan da shatin yatsunshi na baƙin mai.

Na gode wa Allah da ya cece ni daga ɗacin rai da sauran kwana tara. Ku dogara gare shi. Wanda ke hushi da nashi, kada shi jira komi, shi tahi gida yau. Amin.