Sharafaddeen da Kason Tudu

Jawabin da aka gabatar a harabar garejin marigayi Injiniya Sharafaddeen, bayan kasuwar Katako, Jos, ranar taron tunawa da shi.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Mai Unguwa. Malam Liman, jagoranmu a salla da addu'a. Rabaran Pwajok, wanda ya tsallako titi ya zauna tare da mu. Shugaban Ƙungiyar Makanikai ta wannan shiyya, Alhaji Lukuman. Uwargidan marigayi, Hajiya Hasiya. 'Yarmu Rahma da ƙannenta. Amininsa na shekaru masu yawa, Oga Alphonsus mai kayan gyaran mota. Direbobi, dillalai, maƙwabta, da dukkan wanda ya bar sana'arsa ya zo: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mun yi kuka a ranar da ya dace a yi kuka. Yau zama muka yi domin mu auna mutumin da muka rasa, kuma tunda shi ma'auni ne sana'arsa, wajibi ne mu auna shi yadda ya saba auna motocinmu, ba ƙari, ba ragi.

Ya kasance jikan mutumin da ya hawo wannan tsauni a zamanin haƙar kuza, ya yi aikin gyaran injinan ruwa a Naraguta har ƙarfinsa ya ƙare. Ya kasance ɗan makaranta da ya karanci injiniyanci, ya riƙe aikin ofis na ɗan lokaci, ya ga kujera ba ta karɓe shi ba, ya dawo cikin baƙin mai. Ya kasance mai gyara motar ɗaukar marasa lafiya ta unguwar nan ba tare da an roƙe shi ba, har direbanta ya daina tambayar wa ya sauya mata burki. Ya kasance mai koyar da 'yan ƙungiya karatun na'ura a lokacin da motoci suka fara zuwa da kwamfuta a cikinsu, kunne da guduma suka daina wadatarwa.

Ya kuma kasance mai taurin kai, mai kaifin harshe, wanda ba ya iya faɗin gaskiya a hankali. Hajiya Hasiya, ki yi mana uzuri, kin fi mu sani.

Waɗanda ba 'yan sana'a ba za su so a bayyana musu aikin da ya yi suna da shi. Ƙarfin injin mota da doki ake ƙirga shi: a ce wannan tana da ƙarfin doki ɗari, waccan ɗari biyu. Akwai babbar na'ura da ake ɗora mota a kanta domin a san adadin, amma garejinsa bai taɓa mallakarta ba. Abin da yake da shi wata 'yar waya ce da yake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ɗaya bakin kuma a jikin kwamfutarsa. Sai ya fita da motar zuwa wani miƙaƙƙen titi gaba da Naraguta, ya sa giya ta uku, ya danne totur har ƙasa, injin ya yi ta rubuta tarihin kansa: yawan iskar da yake zuƙa, saurin juyinsa, zafinsa, man da yake sha. Daga wannan rubutu yake fitar da adadi. Ƙa'idarsa ita ce, injin ba ya ba da ƙarfin da ya wuce iskar da ya haɗiya. Idan mota ta zuƙi giram ɗari biyu na iska a daƙiƙa guda, sai ya ɗora rubu'i a kai, ya ce tana wajen doki ɗari biyu da hamsin. Sannan ya gwada wannan lissafi da wani: nauyin motar, da saurin da ta ƙara a kan titin. In biyun suka yi kusa da juna, ya sa hannu. In suka saɓa, a koma titi.

Nauyin motar kuwa har da na wanda ke cikinta. Da yawanmu mun shaida ranar da ya hau da Oga Alphonsus kan sikelin masu hatsi.

Oga Alphonsus ya ce, "Oga Sharafa, mota na kawo maka, ba ni za ka saya ba."

Ya dubi sikelin, ya dubi cikin amininsa, ya ce, "Alfo, kai kaɗai ka cinye doki goma. Sauka ka bi mu da ƙafa."

"Kai fa? Ka yi kama da sandar rake, matanka ba ya ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni. Kai ne kake zuwa kafin a sauke tukunya."

Haka suka rayu, kuma haka unguwa ta san su.

Yanzu sai maganar da ta raba shi da mafi yawan abokan sana'arsa. Mu mutanen Jos a kan tudu muke zaune, iskarmu kuma siririya ce. Duk direban da ya taɓa hawowa daga ƙasa da kaya ya san mota tana yin sanyin jiki idan ta iso nan. Saboda haka tun zamanin iyayenmu makanikan garin nan suka ɗauki wata al'ada: duk adadin da aka samu a Jos, sai a ƙara masa kashi ɗaya bisa takwas, a ce wannan shi ne ƙarfin motar na ainihi idan ta sauka Legas ko Lakwaja. Sunan wannan ƙari kason tudu. Iyayenmu ba su yi kuskure ba, domin motocin zamaninsu da numfashin kansu suke shan iska, tsauni kuma yana tauye su da gaske.

Sai motoci masu turbo suka shigo. Turbo wata farfela ce da hayaƙin injin yake juyawa, ita kuma tana cusa wa injin iska da ƙarfi har sai ya samu abin da kwamfutarsa ta nema. Idan iska ta yi siriri, farfelar sai ta ƙara gudu ta cike giɓin. Ke nan abin da tsauni ya ɗauke, turbo ya riga ya mayar da mafi yawansa tun kafin a auna. Amma hannu ya saba da ƙari. Aka ci gaba da ɗora kason tudu a kan motar da ba ta yi asarar da ta kai shi ba, takarda ta riƙa nuna ɗari biyu da tamanin inda injin ya ba da ɗari biyu da hamsin. Masu saye daga Abuja suna son babban adadi, dillalai suna son masu saye, kowa ya yi shiru.

Shi bai yi ba. Takardarsa kullum ita ce mafi ƙanƙantar lamba a garin nan, har dillalan kasuwar Terminus suka sa masa suna Marowacin Dawaki. Wani direba, Datong, wanda yake zaune can baya, ya taɓa ce masa, "Injiniya, doki talatin ɗin nan daga aljihunka za su fita ne? Rubuta kawai."

Ya ce, "Datong, wanda aka faɗa wa yana da ɗari biyu da tamanin, da ɗari biyu da tamanin zai fito ya wuce tirela a hanyar Bauci. Idan ya kai tsakiyar tirelar ya nemi talatin ɗin nan, kai za ka kai masa su, ko ni?"

Datong bai sake roƙonsa ba. Sauran kuwa ba su daina ba. Sau da dama an kawo shawara a taron ƙungiya cewa duk takardar da za ta ɗauki hatimin ƙungiya sai ta ɗauki kason tudu, domin kada lambobin Jos su riƙa karo da juna a gaban baƙi. Duk lokacin da aka kawo ta, sai ya miƙe ya yi ta faɗa har a gaji a tashi. Bai taɓa rinjayar kowa da hujja ba, da murya yake rinjaye. An ce masa ya sauka da mota ƙasa ya nuna wa mutane da idonsu, ya ce shi ba zai ƙona mai domin ya tabbatar da abin da ɗan aji uku ya sani ba. A nan, mu da muke ƙaunarsa muna cewa ya gaza. Ya riƙe gaskiya, amma ya riƙe ta shi kaɗai, kamar wanda ke tsoron kada wani ya taya shi ɗauka.

Na haɗa masa waɗannan baitoci, ku yi haƙuri da su:

Sharafa ya tafi, ma'auninsa na rataye,
Mota a ƙofa, mai ita yana tsaye.
Da yana nan, babu kwana, ba kewaye,
Zai faɗi lambar, babu ƙari, ba ɓoye.
Muryar da ke tsare mu yau ta janye,
Mu duba wanda zai tsaya, kar mu waiwaye.

Jama'a, muryar ta janye, shawarar kuma ta dawo. Ranar Asabar mai zuwa ƙungiya za ta kaɗa ƙuri'a a kanta. Wannan gareji yanzu a hannun Rahma yake, wadda ta karanci abin da mahaifinta ya karanta, ta kuma zauna kusa da shi a kan titin Naraguta tana riƙe da kwamfuta tun tana makarantar sakandare. Mota ta farko da aka kawo mata bayan rasuwarsa ta Franklin ce, ɗan Oga Alphonsus, wanda ya samu mai saye. Ta auna, ta rubuta ɗari biyu da hamsin. Mai saye ya karanta, ya tafi wani garejin. Idan ƙuri'ar Asabar ta wuce, zaɓi biyu ne a gabanta: ko ta rubuta abin da ta san ba haka yake ba a ƙarƙashin sunan mahaifinta, ko ta mayar da hatimi. Garejin da ba shi da hatimi kuwa, kun sani, babu dillalin da zai taka ƙofarsa, kuma daga wannan ƙofa Hajiya Hasiya da yaran nan suke ci.

Franklin ya zo mata cikin fushi, ba za mu ɓoye ba. Ya ce, "Sista, babanki ya tafi, ke ma za ki ci gaba da wannan wahala?"

Ta ce, "Yaya Franklin, ni ba ni da muryar Baba, ba zan iya yi wa mutum ɗari faɗa ba. Ka ba ni aron motar kwana ɗaya."

Ga abin da ta roƙa in faɗa a gabanku, domin ta ce ita ba ta iya magana a taro ba. Tana neman ƙungiya ta ɗage ƙuri'ar, a yi tafiya a madadinta. A ɗauki motoci biyu, tsohuwar Fijon Datong wadda ba ta da turbo, da motar Franklin mai turbo. A auna su a nan da safe, a gangara da su garin Lafiya, inda ƙasa ta yi ƙasa, a sake aunawa a gaban wanda ƙungiya ta wakilta. Ta ce Fijon za ta ƙaru da abin da ya yi kusa da kason tudu, domin kakanninmu ba ƙarya suka yi ba. Ta ce idan mai turbo ita ma ta ƙaru haka, a can Lafiya, kafin a juyo, za ta ciro hatimin daga jakarta ta miƙa, ba sai an yi ƙuri'a ba.

'Yata Rahma, kin ɗora abincin gidanku a kan lissafinki. Mun ji tsoro a madadinki, mun kuma gaya miki, kin ce kin sake duba rubutun injin, kin tsaya a kan maganarki. Hajiya Hasiya, da aka tambaye ki, cewa kika yi, "Ubanta ya ƙi zuwa, ita ku bar ta ta je." Oga Alphonsus ya ce man tafiyar nasa ne, mukullin motar ɗansa kuma yana aljihunsa tun jiya. Datong ya ce Fijonsa ta fi shi son tafiya.

Saura mutum ɗaya. Alhaji Lukuman, kai da marigayi kun yi shekaru kuna musu a kan wannan magana, kuma kai ne ka riƙe kan makararsa har bakin kabari. Ba mu roƙe ka ka ce ya yi daidai ba. Muna roƙonka ka zauna a kujerar gaba, ka riƙe kwamfutar da hannunka, ka karanta wa 'yan ƙungiyarka lambar da ta fito, ko wadda za ta faranta mana, ko wadda za ta rufe wannan gareji.

Jama'a, ku dube shi. Ya cire hularsa, ya ɗaga hannu. Mai Unguwa ya gani, Malam Liman ya gani, Rabaran ya gani. Asabar, bayan sallar asuba, a wannan ƙofa.

Muna godiya ga dukkan wanda ya zo, da matan unguwa da suka dafa abin da za mu ci, da 'yan Katako da suka ba mu aron bencina.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Sharafaddeen, Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka karɓi tsayuwarsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka nauyaya mizaninsa ranar da babu mai ƙara wa wani ko ƙwayar zarra. Ka ba iyalinsa haƙuri da abin rufin asiri. Ka kai matafiyan Asabar lafiya, Ka dawo mana da su lafiya, Ka ba mu zuciyar karɓar abin da za su zo da shi. Ka zaunar da garinmu cikin aminci. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.