Buhun da Mahfuzu Ya Zauna a Kai

A tashar motar Lagdo da ke Garwa, wata fasinja ta leƙa tushen tumatur da tsoho Mahfuzu ke riƙe da shi.

"Baba, wannan ƙulle-ƙullen a saiwa fa?"

"Tsutsa ce da ido ba ya gani, 'yata. Da can Fulani kan sauka a lambunmu, mu ba su dawa, shanunsu su bar mana taki. Ƙasa baƙa wuluk, har ƙamshi take yi. Tun da muka koma takin zamani, tsutsa ta samu gari."

"To, buhun nan da ka zauna a kai fa?"

Ya shafa buhun a hankali.

"Takin zamanin ne. Shanun ba za su dawo ba."