Ƙauyen da Babu Kaka

"Ni dai na ce cutar birni ce!" in ji Alhaji Sunusi, baƙo daga Birmingham da ya rako jikarsa, yana nuna hoton masu sauya jinsi a bangon ɗakin jiran likita a unguwar Longsight. "A ƙauye wa ya taɓa jin namiji ya koma mace?"

Hajiya Zinatu ba ta san shi ba sai yau. Da ta yi shiru da ta tsira, amma ina!

"Alhaji, a ƙauyen ma akwai su, likitansu ne babu. Nan da ƙafa za ka taka a auna maka jini. Can ƙauyen Turawa likita ɗaya ne, yana jin maganin sauya jinsi sai ya ce bai karanci wannan ba, a tafi birni. Motar bas kuwa sai ta ga dama. Yarinya tana ta ramewa, ba mai gaishe ta sai tumaki."

"Ikon Allah. Wace yarinya, Hajiya?"

"Ta maƙwabta."

"To wane marar imani ya kai ta can?"

"Marar imani? Kai za ka tare min bakin matan Longsight? A ƙasarmu ma ai ƙauye ake kai abin magana, wurin kaka!"

"Can ɗin akwai kakar?"

Babu. Hajiya ta dubi matan da suka baza kunnuwa, ta suri jakarta.

"Gobe zan ɗauko abata, sai ku mutu!"

Ta bugo ƙofa har hoton ya faɗo.