Mai Riƙon Jaka Ya Yi wa Zauren Masu Lilo Bankwana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro; mai girma Uwar Zaure, wadda ta kafa mana wannan dandali a intanet, ta raine shi tun yana rarrafe har ya yi furfura; masu kula da zaure, waɗanda suka sha zaginmu ba tare da albashi ba; manajan wannan wurin shaƙatawa, wanda ya ba mu aron ɗakin nan; iyayena da yayyena da ƙannena; waɗanda suka kwana a mota domin su iso, da waɗanda hanya ta gagare su suna kallonmu ta waya: ina yi muku sallama irin ta masoya, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana muna masu rai da lafiya. Bayan haka ina gode wa kwamitin shirya taro da suka ɗora mini nauyin jawabin bankwana, ko da yake har yanzu ban gane hikimarsu ba. A ɗakin nan akwai wanda ya hau jirgin hajijiya, wato jirgin wasan nan mai hawa sama ya sulalo a kan dogo, a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba. Akwai wadda in ta ji ƙarar ƙarfe daga nesa za ta gaya maka irin lilon da ke juyawa. Duk aka tsallake su, aka zaɓi mutumin da tun kafuwar zauren nan ƙafarsa ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne ake kira Mai Riƙon Jaka. Sana'ata yi wa hotuna firam. Aikina a cikinku kuwa shi ne in zauna a benci, jakunkunanku a cinyata, tabaranku a aljihuna, ina kallonku kuna ihu a sama. An ce tsoro na daji, kunya ta gida; ni dai nawa tsoron ya biyo ni har cikin gari, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba.

Magana uku zan yi, in Allah ya yarda, sannan in zauna.

Ta farko, yadda aka yi na shigo cikinku. Ba da ƙafata na shigo ba, jawo ni aka yi. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, malamar asibiti ce, kuma tsofaffin 'yan zaure sun san ta da sunan Gaba-Gaba, domin ba ta hawa komai sai a kujerar gaba. Mace ce mai natsuwa a wurin aiki, mai tausasa murya ga marasa lafiya, amma da zarar ta hango ƙofar wurin wasa sai ka rantse an musanya maka ita. Ita ta gano zauren nan. Takan dawo daga aiki, ko takalmi ba ta cire ba, ta zauna a kan teburin cin abinci tana karanto mini musunku: wane wuri ya fi tsafta, wane layi ya fi saurin tafiya, a ina ake samun inuwa, a ina ne mai keken guragu zai shiga ba tare da an ɗaga shi kamar buhu ba. Nakan ce mata, "Yanzu manya da su, da 'ya'ya da jikoki, su zauna suna gardama a kan lilo?" Sai ta ce, "Kai dai yanka gilashinka, ka bar mu da haukarmu."

Ranar da aka fara haɗuwa ido da ido, na raka ta ne domin kada ta yi tuƙi ita kaɗai. Muka tarar da mutane tsaye cirko-cirko a bakin ƙofar wurin wasan, kowa yana kallon kowa, ana jin nauyin tambaya. Wanda muke zaton saurayi ne saboda zafin bakinsa a rubuce, ashe dattijo ne da sanda. Wadda muke zaton tsohuwa ce saboda yawan nasiha, ashe ɗaliba ce. Da aka zo hawa, maiɗakina ta miƙo mini jakarta. Malama, wadda ke koyar da lissafi, ga ta can a layi na biyu, ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, ba za ka hau ba?" Na ce ko da wasa. Ta ce, "To, riƙe mini tawa." Kafin in buɗe baki, an jibge mini jakunkuna har haɓa. Tun daga ranar sunan ya bi ni, har ta kai 'ya'yana ma in suna son tsokanata da shi suke kirana.

Kada ku ɗauka na yi asara. Wanda ke ƙasa yana ganin abin da na sama ba ya gani. Na ga fuskokinku lokacin da kuke saukowa, gashi a hargitse, hula ta tafi, baki ya ƙi rufuwa don dariya. Na ga babban ma'aikaci, wanda a ofis ba a iya haɗa ido da shi, ya sauko yana kiran sunan mahaifiyarsa. Na ga mutanen da a waje ba abin da zai haɗa su zama ɗaya, mai shago da likita da mai tuƙin babbar mota, sun rungume juna domin sun tsorata tare. Na ga yaran da aka zo da su a goye, aka auna su a jikin sandar awon tsawo aka ce ba su kai ba, suka yi ta kuka a gefena. Yau ga su nan a ɗakin nan sun fi iyayensu tsawo. Wannan kallo ba a sayar da tikitinsa, ni kuwa kyauta na sha shi shekara da shekaru.

Magana ta biyu ita ce ta fi mini nauyi, kuma ina roƙon ku yi haƙuri da muryata in ta karye.

Lokacin da ciwo ya kwantar da maiɗakina, a ɗakin da ta saba jinyar wasu nan aka kwantar da ita. Ba ta yi ƙorafin ciwo ba, ba ta yi ƙorafin allura ba. Abu ɗaya ta rubuta a zaure: an buɗe sabon jirgin hajijiya a wani wuri mai nisa, ta daɗe tana jiran sa, ga shi ba za ta samu hawa ba. Layi biyu ne kacal, ta ajiye wayar ta juya fuska bango.

Direba, ga shi can ya sunkuyar da kai, shi ne mai tuƙin babbar motar da na ambata. Ya karanta saƙon nata. Ya sauke kayan da ya ɗauko, ya karkata hanya, ya je wurin nan. Dokarsu ta hana ɗaukar hoto a kan jirgi, kuma doka ce mai kyau. Sai ya nemi ofishin manaja, ya yi bayani, aka ce a'a. Ya ce to, ba komai, zai jira. Ya zauna a kujerar baƙi tun safe, aka fita cin abinci aka dawo yana nan, har manajan ya leƙo ya ce, "Malam, wai matarka ce?" Direba ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Sau uku na taɓa ganinta. 'Yar zaurenmu ce." Sai manajan ya kira ma'aikatansa suka ɗaure na'urar ɗaukar hoto da kansu a kujerar gaba, suka sake jirgin.

Ina zaune a gefen gadonta hoton ya shigo. Na riƙe mata wayar. Jirgin ya fara hawa a hankali, ƙarfe yana ƙas-ƙas-ƙas, sama tana matsowa. Da ya kai ƙololuwa ya sulalo, wallahi jama'a, sai matar nan da ko kofi ba ta iya ɗagawa ta ɗaga hannu biyu sama ta saki ihu. Robar ƙarin ruwa tana ta lilo a jikin ƙarfenta. Abokan aikinta suka rugo a guje suna zaton wani abu ya faru, suka tarar da ita tana dariya har da hawaye. Babbarsu ta ce, "Ke da kike hana marasa lafiya motsi!" Ta ce, "Yaya, yi haƙuri. Sake kunna mini."

Daga nan kuka ɗauka. Duk wanda ya je wani wuri, sai ya nemi izini ya aiko, a rubuta a ƙasa, "Na Gaba-Gaba ne." Ta zagaya wuraren da ba ta taɓa takawa ba tana kwance a gado ɗaya. Makonninta na ƙarshe ba ta yi su tana kallon silin ba. Wannan ku kuka yi mata, kuma ba ni da bakin da zan gode muku.

Bayan rasuwarta na rufe kaina. Ina buɗe shago, ina auna katako, ina yanka gilashi, ina shaƙar ƙamshin gam, amma ko gaisuwar maƙwabta da ƙyar nake amsawa. Zaure kuwa ban ƙara leƙawa ba, domin ko'ina na duba sunanta nake gani. Ana nan, wata ranar hutu da hantsi, ina share garin katako, sai na ji mota ta tsaya. Na ɗaga kai, sai ga Direba da Malama da wasu mutum biyar a ƙofar shago. Ba wanda ya yi mini wa'azi, ba wanda ya ce in yi haƙuri, domin sun riga sun faɗa a lokacinsa. Direba ya shigo ya ajiye jakarsa a kan teburin aikina, ya ce, "Yaya, tun da ka daina zuwa, kullum sai an yi ƙuri'a a zaɓi wanda zai zauna gadin kaya. Yau a kaina ta faɗa. Ni kuwa ban yi tafiyar nan don in zauna a benci ba. Rufe shagon nan." Malama ta ɗora tata a kan tasa ta ce, "Kuma ba a taɓa ɓatar mana da tabarau ba sai da ka tafi."

Na rufe shago na bi su. A bencin nan na yi kukan da na kasa yi a gida, fuskata a ɓoye a bayan jakunkunanku, ku kuwa kuna sama kuna ihu, kuka bar ni na yi abina. Da kuka sauko ba wanda ya tambaye ni me ya sami idona. An ce zumunta a ƙafa take. Tamu a yatsa ta fara, amma ranar da aka buƙaci ƙafa, ƙafa ta zo.

Magana ta uku gajeriya ce, kuma ga waɗanda ransu ya ɓaci nake yin ta. Na san akwai masu jin haushin rufe zauren nan. Na karanta abin da wasu suka rubuta wa Uwar Zaure, kuma wasu kalmomin ba su dace da mu ba. 'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baiwar Allah nan idonta ya raunana, har sai ta kusanto da allo kamar za ta sumbace shi kafin ta karanta saƙo. Matasa sun koma wasu dandalolin, kuma ba laifinsu ba ne, in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Masu tallan ƙarya da 'yan damfara sun yi mana yawa, ana share goma ashirin na shigowa. Ta nemi wanda zai karɓa, kowa ya ce yana so, amma da aka zo ranar aiki, ni da ku duka muka ce muna da uzuri. Ta ce gara ta rufe gidan da hannunta yana da tsafta da ta bar shi ya zama kango, wani baƙo ya shigo neman shawara a cuce shi da sunanmu. Wannan ba gudu ba ne, mutunci ne. Ba rufewar muke wa kuka ba, sabo muke wa kuka, kuma sabo ba laifin kowa ba ne. Wanda ya san ya faɗa mata magana mai zafi, ga ta nan zaune, ba sai an nuna masa hanya ba.

Uwar Zaure, yaba kyauta tukwici. Kin tara mutanen da ba su san juna ba, kin hana mu zagin juna, kin koya mana mu amsa tambayar sabon shiga ko da an yi ta sau dubu. Kin sa wanda bai taɓa fita garinsu ba ya san inda zai sauka, da inda zai ajiye mota, da wanda zai kira in ya ɓata. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya ƙara miki lafiya, ya haskaka idonki da zuciyarki. Allah ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan tare ba su ga ƙarshenta ba, ya sa sun huta. Allah ya raya mana yaran da suka girma a cikinmu, ya haɗa su da abokai irin waɗanda ya haɗa mu da su. Allah ya yafe mana abin da yatsunmu suka rubuta cikin fushi. Allah ya tsare masu aikin wuraren nan, masu duba ƙarfe da masu ɗaure bel, waɗanda muke miƙa wa rayukanmu ba tare da mun san sunansu ba. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Da safen nan, muna shigowa, na riƙe wa Uwar Zaure hannu a kan matakala, na ce, "Uwa, gobe in kin danna maɓallin rufewa, ba za ki yi kuka ba?" Ta tsaya ta numfasa, ta ce, "Ƙanena, ka taɓa ganin wanda ya sauko daga lilo yana kuka don lilon ya tsaya? Dariya ake yi, ana neman takalmi."

To, jama'a, lilo ya tsaya. Kowa ya nemi takalminsa, mu fita muna dariya.

Na gode.