Tabon da Waya ta Goge

A bencin shagon gyaran waya, wani dattijo mai hoto yana jiran layi, rataye da tsohuwar kyamara. Matashin da ke gefensa ya dube shi.

"Baba, ka ji ana cewa masu ƙera waya su fito da kyamara zalla, saboda irinku? Da ka huta da wannan jibgegiyar."

"Wa ya ce maka na gaji? Ko kyauta suka ba ni, ba na so."

"Haba Baba! Su fa tasu tana gyara fuska da kanta."

"Wa ya aike ta?"

Dattijon ya miƙa masa wayarsa mai fasasshen gilashi, da hoton wata mata a kai.

"Duba wannan. Shekarunta nawa?"

"Ba ta wuce hamsin ba."

"Tamanin da huɗu. Mahaifiyata ce, a gadon asibiti. Ranar na bar kyamarata a gida, na ce waya ma ta isa, gobe na zo da kyamarar. Ba ta kai goben ba. Akwai tabon ƙuna a haɓarta, garin fizge ni daga bakin murhu ta same shi. Nuna mini shi."

Matashin ya buɗa hoton da yatsu biyu. Fata sumul.

"Allah ya jiƙanta, Baba. Amma ai ana iya kashe gyaran..."

"Yanzu? Shekara arba'in ina ɗaukar mutane, ban taɓa goge wa kowa fuska ba. Su fara dawo mini da tabon uwata, sannan mu yi maganar kyamara."