Sawun Munkaila

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wanga taro; wakilan hukuma na nan Konni da waɗanda sunka zo daga Malbaza da Illela; hakimai da masu gari; malamanmu, Allah shi ƙara sani; likitoci da ma'aikatan lafiya; maɗora da kunka gaji ɗorin ƙashi kaka da kakanni; dukawa masu ɗinkin takalma; iyayena mata da ke can cikin rumfa; 'yan kabu-kabu da kunka kashe babura kuna saurare daga bakin hanya; jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya ga waɗanda sunka shirya wanga zama a kan ciwon baya da ciwon ƙugu, sunka kuma ga ya dace a miƙa wa manomi lasifika bayan masana sun gama. Sunana Alkasum, daga ƙasar Bazaga. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san sunan ƙashi ko ɗaya da Faransanci ba. Amma jiki magayi, kuma nawa jikin ya gaya mini magana uku. Shaidata tana cikin wanga buhu, bari in fito da ita in aje bisa tebur. Takalmi ne, sau-ciki na fata. Ina roƙon kada kowa ya gwada shi.

Magana ta farko: takalmi yana riƙe tafiyar mai shi, ko bayan mai shi ya bar duniya.

Wanga takalmi na wana ne, Munkaila, Allah shi jiƙansa. Yana saurayi ya faɗo daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar ci-rani. An yi masa ɗori, ƙashin ya kama, amma ƙafar hagu ta gajarta. Bayan shekaru yana ɗingishi, sai wani baduku a kasuwar Konni ya ƙara masa tudun taya yatsa biyu a takalmin hagu. Shekara goma sha biyar yana taka shi, yana jan ƙafar, har dugadugin ya zaizaye ta gefe guda. Duk ƙauyenmu an san tafiyarsa da kunne: ƙwas, sannan shaa, ƙwas, sannan shaa.

Da ya rasu anka raba kayansa, takalmin ya faɗo kaina. Na ga tudun, ba makaho ba ne ni. Na ce fata ce mai kyau, ƙafa za ta saba. Wa ke zubar da kayan ɗan'uwansa? Ran Juma'a da hantsi na saka shi, na tafi maƙabarta na yi masa addu'a, na komo. Ashe garken awaki ya bi bayana ya shafe sawun tafiya, ya bar na dawowa. Mata masu zuwa rijiya sunka tarar da sawun Munkaila, tudunsa da jan ƙafarsa, ya fito daga ƙofar maƙabarta, ya ratsa gari, ya tsaya a ƙofar mahaifiyarmu. Ba sawun shiga, sai na fitowa. Rana tsaka ce, jama'a, amma tulu biyu sun fashe a ranar.

Za ku ce ai sai a yi dariya a wuce. An yi dariyar, ni ma na yi. Wadda ba ta yi ba ita ce Inna. Inna ta makance shekara shida, da kunne take sanin kowa. Munkaila ɗan farinta ne, kun san alkunyar iyayenmu: ba ta taɓa kama sunansa ba, Babba take ce masa, kuma ranar da anka fita da shi ba wanda ya ga hawayenta. Da na shigo zaure a ranar nan, ƙwas, shaa, sai na ji muryarta daga ɗaki, a kwance, kamar kullum: "Babba, ka iso? Ga fura nan a rufe." Na buɗe baki in ce ni ne, bakin ya ƙi. Na zauna na shanye furar mamaci.

Magana ta biyu: jiki yana bin takalmi, ba takalmi ke bin jiki ba.

Wata biyu, ƙuguna ya fara. Wata huɗu, ciwon ya hau baya ya kama wuya, ya sauka cinya kamar ana jan igiya. Wannan duk ciwo ne, ɗan Adam ya saba da ciwo. Abin da ya tsorata ni daban ne. Na kama kaina ina dafe kwankwaso da hannun hagu in zan zauna, yadda Munkaila ke yi. Na ji nishinsa yana fita daga bakina. Jakinsa, wanda bai taɓa kula ni ba, ya riƙa tasowa in na doso. Wata rana a gona na duba inuwata, na ga kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, wallahi ba inuwata ba ce. Matata Saratu ta daina tafiya a bayana, ta ce ba ta iya kallo. Malam Liman ya yi addu'a, an yi rubutu na sha, an yi turare. Kowa ya duba kaina, kowa ya duba ƙirjina, ba wanda ya duba ƙasa.

Ga damina ta ƙarato, ga gona biyu a wuyana, tawa da ta marayun Munkaila, ga ni ruku'u ma sai na dafa bango. Sai anka kawo ni nan Konni wurin Malama Zahara'u, ga ta can zaune tana sunkuyar da kai, likitar gaɓoɓi da ke aiki da hannu, ba allura ba ƙwaya. Ta sa na yi tafiya da takalmi, ta sa na yi ba takalmi. Ta kwantar da ni ta gwada ƙafafuna, sunka zo daidai. Sannan ta ɗauki takalmin ta juya shi, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Malam, wanga takalmin mai guntuwar ƙafa ne. Ina mai shi?"

Na ce, "Ya riga mu gidan gaskiya."

Ta ce, "To kai ne ke ɗauke masa gurguntarsa. Shi tudun nan daidaita shi yake, kai karkata ka yake. Hannuna na iya sassauta jijiya ya mai da ƙugu mazauninsa, amma in ka koma cikin takalmin nan, aikina ya zama zuba ruwa a rairayi."

Ta danna inda ya ɗaure, ta miƙe inda ya lanƙwashe, ta koya mini motsin da zan riƙa yi safe da yamma. Na fita a miƙe kamar saurayi. Kuma, jama'a, tsoro na daji, kunya na gida, amma yau zan faɗa a gabanta: ina isa bakin gari na sake saka shi. Ba jahilci ba ne, na ji bayani sarai. Na kasa zama wanda zai shiga gidan nan ya kashe wa tsohuwa ɗanta karo na biyu.

Wata uku na ƙara. Ranar shuka ta farko, da rana tsaka, na duƙa na kasa tashi. A amalanke anka kwaso ni kamar buhun gero, maƙwabta sunka shuka mini gonakin. Na yi sati shida ina zarya wurin Malama, ba ta yi mini faɗa ba.

Magana ta uku gajera ce, ita ce roƙona. Kayan aro ba ya rufe katara. Kafin ku karɓi takalmin gado, kafin ku ɗauki na gwanjo, ku juya shi ku dubi dugadugi. In ya ci gefe guda, tafiyar wani ce a ciki. Ku da ke yini a tsaye a kasuwa, ku da ke taka birki da silifa da ya mutu, iyayena mata masu ɗaukar itace da takalmi ɗaya ya fi ɗaya tudu, ku duba. Dukawa, in kun ƙara wa mutum tudu, ku gaya wa iyalinsa nasa ne shi kaɗai. Maɗora da likitoci, in mai ciwon baya ya shigo, ku aika a ɗauko abin da ya tuɓe a ƙofa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ni gemuna ya ƙone.

Saura in gaya muku yadda munka ƙare da Inna. Ranar da na warware, na saka takalmi shimfiɗaɗɗe daidai ƙafata, na shiga gida da la'asar. Na ratsa zaure, na ratsa tsakar gida, ba ƙwas ba shaa. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ina jiran ta tambayi wane baƙo ne.

Sai ta ce, "Alkasum? Ka daɗe ba ka zo ba. Wata tara ban ji tafiyarka ba."

Na durƙusa gabanta. Ta laluba ta kama kafaɗuna biyu, ta ji sun daidaita. Sannan ta juya fuska wajen bango, ta faɗi sunan da ba ta taɓa faɗa ba shekara arba'in da bakwai. Ta ce, "Munkaila, Allah shi jiƙanka." A ranar ta yi kukansa, har maƙwabta sunka shigo gaisuwa kamar yau anka yi rasuwar.

Allah shi jiƙan mamatanmu, shi sa kwanciyarsu hutawa ce. Allah shi ba marasa lafiyarmu lafiya, shi sa albarka a hannun masu jinyarsu. Allah shi ba iyayenmu haƙurin abin da sunka rasa, shi bar musu abin da ya saura. Allah shi ba mu damina mai albarka da bayan da zai iya duƙa mata. Allah shi mai da kowa gidansa lafiya, a kan ƙafarsa, da tafiyar da Ya halicce shi da ita.

Na gode.